Ƙasa Ta Yi Saura

Ku dai yaran nan kuna ba ni dariya. Jiya ina kishingiɗe a bakin zauren nan na ji Nura yana gaya muku wai ginin ƙasa ba sana'a ba ce, kwaɓa laka ne kawai a liƙa a bango, ko yaro mai wasan ƙasa ya iya. Kai Nura, ka ɗauka barci nake yi ko? To, kunnen tsoho ba ya barci. Gobe ka zo in sa wani ya hau katanga, ka jefa masa tubali guda. In ya isa hannunsa bai fashe ba, ni da bakina zan kira ka gwani. Ni dai Iro Magini ake ce mini a Ƙofar Kibo tun ba a haifi iyayenku ba, kuma tun da kun taɓo ni, sai ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni cuɗa ne. A wurin kawuna na koya, Kawu Balarabe, ƙanin mahaifiyata, gajeren mutum mai faɗa kamar an aiko shi. Jakuna za su kawo jar ƙasa daga kududdufi a cikin mangala, a zube ta, a buɗe tsakiyarta a tuttula ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa. Sai ka naɗe wando ka shiga da ƙafa. Ka taka, ka juya da fartanya, ka sake takawa, har cinyoyinka su riƙa rawa. Sannan a bar ta ta kwana, a dawo a sake, a kuma dawowa, har ciyawar ta ruɓa ƙasar ta yi danƙo. Kawu ba ya tambayarka ko ta yi. Zuwa zai yi ya damƙo ta ya kai hanci, in bai ji warin da yake so ba ya watsa maka ita a ƙirji ya wuce abinsa. Na daɗe a cikin laka kafin a bar ni in taɓa tubali, har 'yan unguwa suka sa mini suna Kwaɗo.

Kuma ƙasar da aka cuɗa ba a mayar da ita kududdufi, ba a kuma barinta ta bushe a lungu. Gumin mutane ne a cikinta, ga shi in ta ƙame sai ta tare hanya. In kun gama aikin gida ta yi saura, magini zai yi sallama a gidan maƙwabci ya ce, "Ƙasa ta yi mana saura, a taimake mu da wurin da za mu shafa ta." Shi maƙwabcin ne ya yi maka alfarma, ba kai ka yi masa ba. Haka muka tarar ana yi.

Kuna ta taƙama da cebur da baro da katakon nan mai ruwa a ciki da kuke gwada daidaito da shi. Mu kayan aikinmu hannu ne da ido, sai gizago na sassaƙar azara, da tsani, da kwando, da igiya. Magini zai hau katanga ya zauna kamar mai hawan jaki, na ƙasa yana jefo masa tubali yana cafewa, yana dasawa tsininsa na kallon sama, yana ja da baya. Gindin katanga da kauri, tana tashi tana sirancewa. In ka yi gaggawa ka ɗora sabon layi kan wanda bai sha iska ba, katangar za ta yi ciki, kuma duk wanda ya wuce zai tambaya wa ya yi wannan abin kunya.

Rufin da na fara hawa na wani mai sayar da goro ne a wajen Ƙofar Doka. Na ɗora ƙafa a tsani ke nan Kawu ya kamo kunnena ya dawo da ni ƙasa. Ya ce in fara ɗaga murya tukuna. Na buɗe baki na ce, "Magini zai hau! A kintsa!" Muka jira har matan gidajen kusa suka shige ko suka ja mayafi. Sannan ya ce, "Kwaɗo, duk wanda ya hau rufi a cikin birni ya shiga gidajen unguwa ba sallama. Za ka ga wadda take tuƙa tuwo, za ka ga wadda ba ta ɗora tukunya ba. Abin da idonka ya gani a sama, a sama za ka bar shi. Ko uwarka ce ta tambaye ka, ba ka ga komai ba." Ya murɗa kunnen ya ƙara da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A wannan aikin ne kuma na ga wani abu. Mai goron nan marowaci ne na bugawa a jarida, rufinsa ya daɗe ba gyara, kuma Kawu duk gwanintarsa sai ƙafarsa ta burma a wani gefe. Na ce a raina yau za a yi ta. Ai kuwa Kawu ko tari bai yi ba. Ya sauko, ya je ya sayo azara da kuɗin aljihunsa, ya gyara wurin tsaf. Da na yi ƙorafi a hanya cewa ai rufin ne ruɓaɓɓe, sai ya ce abin da ƙafar magini ta karya, magini ne ke gyarawa, ko da kuwa gara ce ta fara cin rabinsa. In ba haka ba wa zai ƙara yarda ka hau masa ɗaki?

Shi rufin soro ba ya son mantuwa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an toshe tsaga, an yi sabon yaɓe, an shafe da makuba ko laso masu hana ruwa ratsa ƙasa, an gyara indararo don ruwa ya sami hanyar sauka. In ka tsallake shekara guda, kana iya sha. In ka tsallake ta biyu, to ka fara kwana da salati. Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai wanda tun sanyi bai wuce ba ya aiko. Akwai wanda sai ya ga hadari ya taso zai zo yana buga maka ƙofa yana cewa kai ne ka yi masa alkawari. Akwai mai son zanko, tsinin adon nan na saman soro, da zane a fuskar zaure alhali ɗakin matarsa yana yoyo.

To, sai shekarar da ba ma mantawa ta zo. Farin nan na farkon shekarun saba'in nake nufi, lokacin ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba, kuma Kawu ya riga ya rasu, ni ke riƙe da aiki. Nan Zazzau ba mu ƙone kamar na arewa da mu ba, amma hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Mutanen ƙauye suka riƙa shigowa da tabarmi a ka da yara a baya. Wasu suka sami zaurukan 'yan uwa, wasu suka kafa rumfunan kara da tsofaffin buhuna a jikin ganuwa. Mu na cikin gari kuma kowa ya ce ciki ya fi rufi. Wa zai kira magini alhali ba a ɗora tukunya ba? Ga shi ruwan bai zo da ƙarfin da zai tona asirin kowa ba, sai aka yi ta tsallake yaɓe. Ni kaina sai da na koma dako a kasuwa, gizagona ya yi tsatsa a bayan ƙofa. Amma duk sanda na ɗaga kai na kalli rufin mutane gabana faɗuwa yake yi, don na san ranar da damina ta gaske ta dawo, waɗanda za su kwana a waje ba baƙi kaɗai ba ne.

Ashe hukuma ma ta hango abin. Wata rana mai unguwa ya aika a tara magina a ƙofar gidansa. Muka tarar da wani ma'aikaci, Malam Aminu, siririn mutum mai keke, shi ma ɗan cikin birni ne. Bai ja mu da dogon turanci ba. Ya ce hukuma ta duba ta ga in aka zauna jiran gidaje su zube sannan a nemi inda za a zuba mutane, ba makaranta ko rumfar kasuwa da za ta ɗauke su, rigakafi kuma ya fi magani. Don haka za a ba da azara, a biya masu jakuna su kawo ƙasa, mu kuma a sallame mu da hatsi. Baƙin da ke kwana a jikin ganuwa su za a ɗauka su yi cuɗa da jifan tubali, su ma su sami na tuwo. Kangayen da masu su suka yarda, a rufe su a zaunar da baƙin a ciki. Duk wanda rufinsa ke son gyara kuma ba shi da hali, ya zo ya gaya wa mai unguwa. Wallahi na ji daɗi har raina, na koma gida na wasa gizago.

Sai dai wannan ta ƙarshen ba ta ci ba. Mutumin birni ya taka ƙafa ya je gaban mai unguwa ya ce ya gaza? Ai ya gwammace ɗakin ya faɗo masa. Muka zauna da tarin azara muna kallon hanya. Malam Aminu da ya dawo ya ga haka, ya cire hula ya sosa kai ya ce ai ko mahaifinsa ba zai zo ba. Shi da kansa ya sauya tsarin. Ya ce a bi lungu-lungu, gida-gida, da mai shi da marar shi, a ce umarnin hukuma ne a duba kowane rufi. Mai hali ya biya, marar hali a yi masa a wuce, ba mai sanin wane ne wane. Nan da nan aiki ya buɗe, har ba ma samun hutun azahar.

Cikin baƙin da aka ba ni akwai Mati, wani dogon manomi da ya taso daga ƙauyensu da matarsa Talatu da 'ya'yansu. Ban taɓa ganin mai cuɗa irinsa ba. Ƙafa gare shi kamar faranti, in ya shiga ƙasa yana takawa yana waƙar noma, kafin ka juya ta yi laushi. Ina tsokanarsa ina cewa Allah ya yi shi don laka, ya ɓata lokacinsa a gona. Shi kuma ya ce, "Maigida, ai gara laka, ita ba ta jiran hadari." A jikin ganuwa suke kwana, kusa da ƙofa. Kangayen da aka rufe sun cika da waɗanda suka riga shi zuwa, aka ce masa ya ƙara haƙuri.

Gida ɗaya ne ya gagare mu a lungunmu, gidan Malam Sidi mai ɗinkin riga. Dattijo ne mai tsabta, wanda a da manyan mutane ke layi a zaurensa don aikin allurarsa. Amma wa ke ɗinka babbar riga a shekarar yunwa? Da muka yi masa sallama da saƙon hukuma, ya amsa da fara'a, ya ce, "Alhamdu lillahi, mu nan lafiya lau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kai wa mabuƙata, Allah ya ba da lada." Mai unguwa ya aika, amsar ke nan. Ba a kuma hawa rufin mutum da ƙarfi.

Rufin maƙwabcinsa muke yi ranar da na ga abin da na gani. Na yi kira, na hau, ina toshe tsaga, sai idona ya faɗa gidan Malam Sidi. Inna lillahi. Babban ɗakin da iyalinsa ke kwana a ciki tsakiyar rufinsa ta lotsa kamar akushi. Indararon ya faɗi, tsaga ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ni na san irin wannan lotsawar: ba azarar giginya zalla aka sa ba, an haɗa da wani icen, gara kuma ta gama da shi. Ruwan farko mai ƙarfi zai taru a wannan kwarin, ya jiƙa ƙasar, nauyi ya sauko a kan duk wanda ke ciki. Can wajen zaure kuma akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da rufinsa ya riga ya tafi, sai bango. Har la'asar ban ga hayaƙi ya tashi a gidan ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Kada ku ce ga shi yau ina faɗin abin da na gani a sama. Malam Sidi da bakinsa ya riƙa ba da labarin nan daga baya, shi ya kwance mini baki. Amma a ranar ba ni da wannan izinin. Da na sauko na tarar da Malam Aminu ya jingine kekensa yana jira. Ya dube ni ya ce, "Malam Iro, lafiya? Ka ga wani abu ne a can sama?"

Na ce, "Na ga shamuwa, ranka ya daɗe. Damina ta kusa."

Ya kalle ni, ya kalli katangar Malam Sidi, ya sake kallona. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya hau kekensa, sannan ya ce, "To. In ƙasa ko azara ta ƙare maka da wuri a lungun nan, ni ba zan tambaye ka inda ta shiga ba."

Washegari na sa masu jakuna suka yi ta zubo ƙasa. Mati ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Maigida, wannan ƙasar ai ta gida biyu ce. Abin da ya rage mana a nan bai fi a shafa da tafin hannu ba."

Na ce, "Kai aka tambaya? Taka!"

Ya taka. Da ta nuna muka gama rufin maƙwabci, ga tulin ƙasa ya tare lungu, ko akuya sai ta raɓa. Na wanke hannu na je na yi sallama a zauren Malam Sidi. Yana zaune a kan buzu da wata tsohuwar riga a cinyarsa, yana warware zaren jikinta don ya sake amfani da shi. Muka gaisa. Na ce, "Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema. Wannan dogon baƙauyen da aka haɗa ni da shi bai san ƙima ba, ya cuɗa mini ƙasa ta yi saura. In ta bushe a lungu mai unguwa ba zai bar ni in sha ruwa ba. A taimake ni da wurin da zan shafa ta."

Ya leƙa ya ga tulin, ya ce, "Ikon Allah! Duk wannan saura ce?"

Na ce, "Wallahi ni ma abin ya ba ni haushi."

Mati yana bayana yana ta zare ido, yana son ya kare kansa, na taka masa ƙafa. Malam Sidi ya daɗe yana juya allura a hannunsa. Ya san al'adar kamar yadda na san ta, ya kuma san ƙin ta rowa ce. Ya ce, "To, tun da taimakonka ne, bismillah. Amma shafawa kawai."

Na ce shafawa kawai, sai dai a fitar da mutane da kaya daga ɗakin, kamar yadda ake yi kullum in za a hau. Aka fitar. Na kafa tsani, na yi kira, na hau. Yanzu ku saurara, ku masu cewa wasan yara ne. Magini yana tafiya a rufi ne ta gefe, inda azara ta hau bango, kuma tafin ƙafarsa na gaya masa inda ke da rai da inda ya mutu. Na bi gefe na zagaya na tabbatar da abin da nake zato. Yaɓe ba zai yi wa wannan rufin komai ba, nauyi ma zai ƙara masa. Na tsaya na leƙa ta tsakar gida na ga ba kowa kusa da ƙofar ɗakin. Na yi bismillah, na ɗaga ƙafar dama, na dire ta da dukkan nauyina a tsakiyar kwarin.

Ruf! Na nutse har kwankwaso. Ƙura ta turnuƙe, mata suka sa salati, wani karyayyen ice ya yage ni daga ƙwauri zuwa gwiwa. Ga tabon nan, ku matso ku gani, ba ƙarya nake yi ba. Mati ya hau a guje ya ciro ni kamar ana cire rogo, yana cewa, "Maigida, ai ko ni baƙauye na ga wurin nan ba ya takuwa!" Na ce ya rufe mini baki.

Malam Sidi ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin, yana kallon sama ta cikin ramin. Gutsattsarin icen da suka zubo ya ɗauki ɗaya ya murza, ya zama gari a hannunsa. A daidai inda shimfiɗar yaransa take suka zubo. Na sauko ina ɗingishi ina faɗa da kaina, ina cewa yau na ji kunya, na zo neman alfarma na karya wa mutum ɗaki. Ya ce, "Haba Malam Iro, bar shi kawai, ai dama..."

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Abin da ƙafar magini ta karya, magini ne ke gyarawa. In na bar shi haka, wa zai ƙara yarda in hau masa ɗaki a garin nan? Kada ka kashe mini sana'a."

Ya dube ni, ya dubi jinin da ke bin ƙafata. Ya ce, "To, ba na kashe maka sana'a ba. Je ka a ɗaure maka ƙafar tukuna."

Rufin nan gaba ɗaya muka kware shi. Muka zubar da ruɓaɓɓen ice, muka gyara kan bango, na sassaƙe azarar giginya na fara da kusurwoyi don in rage faɗin ɗakin, sannan na jera sauran a kai ƙut da ƙut. Muka shimfiɗa zana, muka bi da ƙasa, na fitar da gangare zuwa wajen sabon indararo, muka bar ta ta sha rana kafin mu shafe da makuba. Al'ada ce mai gida ya fito wa magina da fura ko kunu. Malam Sidi ruwan tsamiya ya riƙa aiko mana a cikin ƙwarya wankakkiya tas. Muka riƙa shanyewa muna santi kamar an dama mana fura da nono, Mati har da suɗe baki.

Da muka gama sai ga guntayen azara sun rage, gajeru, ba su isa babban ɗaki ba. Na je na tsaya a bakin zaure ina sosa ƙeya. Kafin in buɗe baki Malam Sidi ya ce, "Kada dai ka ce mini azara ma ta yi saura." Na ce wallahi kamar ya sani. A ranar na fara jin dariyarsa. Ya nuna mana ɗan kangon nan na kusa da zaure, muka rufe shi, muka yi masa daɓe.

Muna shafa makuba ta ƙarshe a kan ɗan ɗakin, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwasar zana da tsummoki. Irin hadarin da muka yi shekaru ba mu gani ba, yara sun fito lungu suna ta tsalle. Mati kuwa ya ajiye kwando ya ce, "Maigida, a yi mini izini in ruga. Rumfarmu ba za ta tsaya wa wannan iskar ba, ga Talatu da tsohon ciki."

Malam Sidi yana bakin zaure, ya ji. Ya tambaye shi, "A ina kuke zaune?" Mati ya ce a jikin ganuwa. Sai dattijon nan ya juyo ya kalle ni, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Malam Iro, ni ma alfarma nake nema. Ɗaki ya yi mini saura. Kai ka fi ni sanin ɗakin da ba kowa a ciki, gara ce ke gaje shi. Ko ka san wanda zai taimake ni ya zauna a ciki?"

Ban san sanda ƙwalla ta cika mini ido ba. Na ce, "Akwai wani dogon baƙauye, sai dai bai san ƙima ba."

Ya ce, "Haka nan zan yi haƙuri da shi. Ku hanzarta."

Da gudu muka je, ni da ɗingishina. Muka kwaso tabarmi da tukwane da yara, Talatu na biye a hankali, matar Malam Sidi ta tarye ta a ƙofa ta kama hannunta. Muna shiga ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a zaure, ni da Malam Sidi da Mati, muna kallon sabon indararo yana feso ruwa cikin lungu. Can Malam Sidi ya shiga cikin gida ya duba, ya dawo ya ce ko ɗigo babu.

An yi asara a wasu wurare a wannan daminar, ba zan ce muku ba a yi ba, don hannunmu bai kai ko'ina ba. Amma a lungunmu ba wanda ya kwana a waje. Da ƙasa ta yi kyau baƙi da yawa suka koma gonakinsu. Mati ya zauna, ya koyi jifa, ya koyi hawa, har ya zo ya fi ni iya ɗaurin baka, rufin nan da ake lanƙwasawa kamar baka, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Saboda haka, Nura, kai mai cewa kwaɓa laka ne kawai, tashi ka shiga gida ka tambayi kakarka Talatu a wane ɗaki ta haifi ubanka. In ta nuna maka, ka ɗaga kai ka kalli azarar. Har yau ita ce.